Peyote da Masu Shi

Ɗana, ka tambaye ni game da wannan tsiro da ake kira peyote, wanda ka ce kana yawan cin karo da labarinsa a waya. Ka kyauta da ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Na san kuma ba da wata manufa ka yi ba. Tun kana ƙarami kai mai son sanin abubuwa ne, ban taɓa ganin laifin haka ba. To gyara zama. Maganar tana da ɗan tsawo, ba kuma irin wadda ake yi a tsaitsaye ba ce.

Mu fara da shi kansa tsiron. Dangin kaktus ne, irin tsirran nan masu ajiye ruwa a jikinsu saboda ƙarancin ruwan sama. Sai dai shi ba shi da ƙaya, ba shi da tsayi. Ɗan dunƙule ne manne da ƙasa, kamar gautar da aka danne da tafin hannu. Launinsa tsakanin kore da toka-toka, da ɗan farin gashi tsibi-tsibi a kansa. Abin da ido ke gani kaɗan ne, saiwar ce mai kauri, ta nutse cikin ƙasa. Yakan laɓe a gindin ƙananan itatuwa, har mutum ya wuce shi bai lura ba. A duk faɗin duniya, yanki ɗaya ne yake fitowa da kansa: hamadar Chihuahua da kewayenta a arewacin Meksiko, sai kudancin jihar Teksas ta Amurka, wajen kogin Rio Grande. Masana tsirrai suna kiran sa Lophophora williamsii. Ɗaci gare shi na fitar hankali. Jinkirin girma kuma ba a magana, don a daji yakan yi shekara 10 ko fiye kafin ya isa yanka. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kafin in manta, kada wani ya nuna maka tinya ko ƙerana ya ce maka ai danginsu ɗaya. Kama ce kawai a ido. Kaktus asalinsa na nahiyar Amurka ne, su kuwa tinya da ƙerana wani gida ne daban. Farin ruwan da ke tsatsowa daga jikinsu yana ƙona fata, yana iya lalata ido. Ba abin kai wa baki ba ne ko da wasa.

Mutanen can sun daɗe tare da peyote. A kogunan dutse na Shumla, a Teksas, an tono ragowarsa, aka auna, aka tarar ya haura shekara 5,000. Da Sifaniyawa suka ci Meksiko da yaƙi, wani malaminsu na coci mai suna Bernardino de Sahagún ya rubuta labarinsa a ƙarni na 16, daga abin da 'yan ƙasa suka gaya masa. Shugabannin cocin ba su so abin ba. A 1620 kotunsu ta binciken aƙida ta haramta shi, ta ce aikin shaiɗan ne. An hukunta mutane a kansa. Amma hani bai kai ƙoƙoluwar duwatsu ba. Waɗanda ke zaune inda dokin Basifaniye ba ya iya hawa cikin sauƙi sun ci gaba da abinsu shiru.

A cikin waɗannan akwai mutanen da nake so mu daɗe a kansu. Suna kiran kansu Wixárika, baƙi kuma suna ce musu Huichol. Manoman masara ne a tsaunukan yammacin Meksiko, inda jihohin Jalisco da Nayarit da Durango da Zacatecas suka haɗu. Abin da zai ba ka mamaki, tsiron ba ya fitowa a ƙasarsu. Yana can gabas, a wani fili da suke kira Wirikuta, a jihar San Luis Potosí, kusa da tsohon garin haƙar azurfa na Real de Catorce. Tsakanin ƙasarsu da can akwai kimanin kilomita 500. A da da ƙafa ake zuwa, a yi makonni a hanya. Yanzu ana shiga mota, amma ana tsayawa a wuraren da kakanni suka tsaya.

Su a wajensu sunansa hikuri. A aƙidarsu, shi da barewa da masara abu ɗaya ne mai fuska uku. Suna cewa inda barewar farko ta taka, nan ya tsiro. Wuta kuwa kakansu ce, suna kiran ta Tatewari, ita ta fara jagorantar wannan tafiya. Wannan imaninsu ne, ɗana, ba namu ba. Ina gaya maka yadda suke gani ne, don ba ka fahimtar aikin mutum sai ka san abin da ke zuciyarsa lokacin da yake yin sa.

Ba kowa ke tashi ya ce zai je ba. Akwai waɗanda al'umma ke ɗora wa hidimar ɗakin ibada, su riƙe ta shekara 5, tafiyar tana cikin nauyin da ke wuyansu. Jagora shi ne wanda suke kira mara'akame, mai waƙoƙin ibada, mai magani, wanda ya yi shekaru yana koyo. Ana tafiya ne bayan an gama kaka, cikin rani. Daga ranar da aka ɗaura niyya an bar gishiri. An bar shimfiɗar aure. Abinci kaɗan, ruwa kaɗan, barci kaɗan. Su ma waɗanda aka bari a gida ba hutu suke yi ba. Suna kiyaye nasu sharuɗɗan, suna kula da wuta kada ta mutu har matafiya su dawo.

Ga wanda ya fi duka nauyi. Kafin a yi nisa, akwai daren da za a zauna a kewaye wuta. Kowa zai tashi a gaban jama'a, namiji da mace, babba da yaro, ya faɗi duk wanda ya taɓa nema a bayan aure, da sunansa. Mai ɗakinsa tana iya kasancewa a wurin tana ji. Ba a yarda ta nuna fushi ba, shi ma haka in ita ce ta tashi. Duk sunan da aka ambata, jagora zai ƙulla ƙulli ɗaya a igiya. In an gama sai a jefa igiyar a wuta, maganar ta wuce ke nan. Sun yi imani cewa wanda ya ɓoye ko da ɗaya, zai gamu da firgici ko taɓuwar hankali in ya isa Wirikuta, ya kuma jawo wa abokan tafiya matsala. Tsaya ka yi tunanin wannan. Mutum nawa ka sani da zai iya wannan tsayuwa? Ni dai ina ganin da yawa daga masu zumuɗin abin a waya, a nan za su ce sun fasa.

A hanya suna tsayawa a wasu idanun ruwa, su ajiye abin da suka zo da shi: kyandir, ƙananan ƙoƙuna da aka yi wa ado, kibau, garin masara. Su ɗebi ruwan a gora don gonaki da yaran da ke gida. Wanda zuwansa na farko ke nan, akwai inda ake rufe masa ido da ƙyalle, wani ya riƙe hannunsa. In an isa filin, sai a shiga neman tsiron yadda ake bin sawun dabba, a hankali, ba hayaniya. Na farkon da aka gani, jagora zai harba kibau a gefensa, don a wajensu barewa aka kama. A kewaye shi, a yi masa magana, a ba shi haƙuri, wasu har da hawaye. Sannan a yanka kansa daidai da ƙasa a bar saiwar, a rarraba kowa ya samu.

Me suke nema da duk wannan wahala? Ruwan sama. Masara ta yi kyau. Yaro mara lafiya ya tashi. Wanda ke koyon jagoranci ya sami waƙarsa. Abin da aka ɗebo kuma ba na wanda ya ɗebo ba ne shi kaɗai. Ana kai shi gida, a adana, a yi bukukuwan shekara da shi, har zuwa babban bikin da ake yi dab da faɗuwar damina, kafin shuka. Ka ga ke nan cin tsiron ɗan ƙaramin yanki ne na aikin da ke ɗaukar shekara guda, wanda gari guda ke yi tare. Waɗannan zane-zane masu launi da suke yi da zare da duwatsun ado, waɗanda ake sayarwa har Turai, da yawansu labarin wannan tafiya ne. Maƙwabtansu Rarámuri na tsaunukan Chihuahua su ma suna da nasu bikin na warkarwa da shi, amma bari mu haura arewa.

A Amurka labarin ya fi ban tausayi. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19, an karya 'yan asalin ƙasar da ke zaune a filayen tsakiya. An kashe baunar da suke rayuwa a kanta har ta kusa ƙarewa. An tattara su a keɓaɓɓun yankuna. An kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kwana, aka aske musu gashi, aka hana su magana da harshen iyayensu. Mutumin da aka raba da sana'arsa da ƙasarsa da ɗansa, me ya rage masa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Giya ta shiga, ta yi ɓarna mai yawa.

A wannan lokaci ne ibadar peyote ta hauro daga kudu, ta hannun Apache, ta isa wajen Comanche da Kiowa a Oklahoma. Wanda aka fi tunawa da shi a yaɗa ta shi ne Quanah Parker, shugaban Comanche da ya ajiye makami a 1875, ya rasu a 1911. A 1918 mabiyanta daga ƙabilu dabam-dabam suka yi mata rajista a Oklahoma a matsayin coci, da sunan Native American Church, don doka ta kare su. Wani mai nazarin al'adu, James Mooney, ya taimaka musu da shawara. Da yawansu sun haɗa ta da Kiristanci, za ka tarar ana ambaton Yesu a addu'o'in.

Su ba sa zama haka kawai. Sai da dalili. Wani gida ne zai kira taro saboda mara lafiya, ko yaro zai tafi karatu ko aikin soja, ko godiya don an tsallake wata masifa. Galibi daren Asabar ne, a cikin tanti mai tsini da ƙofarsa ke kallon gabas. A tsakiya akwai wuta, a bayanta an gina ɗan tudun ƙasa mai siffar jinjirin wata. Akwai jagora, akwai mai kula da wuta, akwai mai zuba turare, akwai makaɗi. Gangar tukunyar ƙarfe ce, a zuba ruwa a ciki, a ɗaure bakinta da jiƙaƙƙiyar fata. Sanda da ɗan gora mai tsakuwa suna zagayawa hannu zuwa hannu. Wanda suka iso gare shi ya yi waƙa huɗu, na kusa da shi yana kaɗa masa. A ƙasa ake zaune tun faɗuwar rana har fitowarta. Ba a fita sai da izini. Tsakar dare a kawo ruwa. Da asuba mace ce ke shigowa da ruwa, ta yi addu'a, kowa ya saurara. Sannan a karya da masara da 'ya'yan itace da nama.

Suna kiran tsiron magani, ba su yarda a ce masa abin maye ba. Abin da ake koya wa mai bin wannan hanya kuwa, ka ji shi: ya riƙe iyalinsa, ya nemi na kansa, ya so 'yan'uwansa, ya nisanci giya. Mutane da yawa cikinsu sun ba da shaidar cewa a wannan zama suka rabu da kwalba. Ni ina ganin ba ɗacin tsiron ne kaɗai ya yi aikin ba. Mutumin da ya kwana zaune a gaban dangi, suna ambaton sunansa a addu'a, tsohuwa ta kawo masa ruwa da asuba tana kuka saboda shi, zai ji kunyar komawa mashaya ranar Litinin.

Kada ka ɗauka duk 'yan asalin ƙasar sun yarda da abin. Majalisar ƙabilar Navajo da kanta ta haramta shi a 1940, ba ta ɗage hanin ba sai 1967. Gwamnatin Amurka kuma ta sa shi a jerin abubuwan da ta fi tsananta wa a dokar 1970. An keɓe wa masu ibada wani sassauci, amma jihohi suna da nasu dokokin. A jihar Oregon, wasu mutum biyu, Alfred Smith da Galen Black, masu aiki a wata cibiyar taimaka wa masu shaye-shaye, an kore su saboda sun ci peyote a wajen ibada. Aka kuma hana su kuɗin tallafin da ake ba wanda ya rasa aiki. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1990 ta ce jihar ba ta yi laifi ba. Wannan hukunci ya tayar da hankalin mabiya addinai da yawa, har waɗanda ba ruwansu da peyote, don kowa ya ga gobe yana iya zama shi. A 1994 majalisar dokokin ƙasar ta yi gyara, ta halatta shi ga 'yan asalin ƙasar a ibadarsu ta gargajiya. Gare su kaɗai, a kuma wannan hali kaɗai.

To yaya aka yi abin ya fito daga hannun masu shi har ya iso wayarka? A 1897 wani Bajamushe masanin magunguna, Arthur Heffter, ya ware sinadarin da ke juya hankali a cikin tsiron, wanda ake kira meskalin. A jikinsa ya gwada. A 1919 Ernst Späth ya haɗa shi a ɗakin bincike a Biyana, ba tare da tsiron ba. Sai marubuta suka shigo. Baturen Ingila Aldous Huxley ya sha sinadarin, ya rubuta littafi a kan abin da ya gani, ya fito a 1954. A 1968 Carlos Castaneda ya fitar da nasa, yana cewa wani tsoho mai asiri ne ya koyar da shi a hamada. Masana da suka bi diddigi daga baya sun ce akasarin labarin ƙirƙira ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa littafin ya riga ya zaga duniya. Samari suka riƙa ɗaukar jaka suna nufar Real de Catorce.

Ba na cewa mugaye ne. Yawancinsu yara ne masu neman wani abu da suka rasa a gida, Allah Ya sani. Amma kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna in babu sani. Baƙo bai san yadda ake yanka ba. Sai ya tumɓuke har saiwa, ko ya yanka da zurfi, ko ya kwashe ƙananan da ba su isa ba. In an yanka kai daidai aka bar saiwa, tsiron yakan sake tohowa, wani lokaci da kai fiye da ɗaya. In an tumɓuke, shi ke nan. Ka tuna shekara 10 ɗin da na ce ka riƙe? Abin da mutum zai cinye a dare ɗaya don ya sami labarin ba abokai, ƙasa ta yi shekaru masu yawa tana renonsa. Bayan masu yawon buɗe ido kuma sai 'yan kasuwar bayan fage, masu cika buhu. Yau mahajjatan Wirikuta sukan yi tafiya mai nisa a filin da iyayensu ke samu a kusa. Abin da hanin masu mulki ya kasa yi cikin ɗaruruwan shekaru, sha'awar masoya tana neman yin sa cikin shekarun mutum ɗaya.

Ba su kaɗai ba ne, gaskiya. An share filaye don manyan gonakin tumatir. Wani kamfanin haƙar azurfa na Kanada ya sami izinin aiki a yankin, Wixárika suka tashi tsaye, har kotu ta dakatar da izinin a 2012. A Teksas kuwa tsiron yana cikin gonakin kiwo na masu zaman kansu, ana kuma tuge daji da manyan garmuna don shuka ciyawar shanu. Masu lasisin sayar wa 'yan cocin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma abin da suke samu yana ta ƙanƙancewa. Ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke cikin haɗari ta sa peyote a jerin masu rauni. A 2025 hukumar UNESCO ta sa hanyar Wirikuta cikin kayan tarihin duniya. Wannan abin farin ciki ne, sai dai takarda ba ta gadin daji.

Akwai abin da ya burge ni. Da wasu garuruwa da jihohin Amurka suka fara sassauta doka kan irin waɗannan tsirrai, shugabannin cocin 'yan asalin ƙasar ne suka fito suka ce don Allah a cire peyote daga ciki. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Sun san in aka buɗe wa kowa, jikokinsu ba za su samu ba. Jihar Kolorado ta ji wannan roƙo, dokar da ta yi a 2022 ba ta haɗa da peyote ba.

Yanzu ga abin da yake yi wa jiki, don ba zan ɓoye maka komai ba. Da farko tashin zuciya ne da amai, da gumi, da bugun zuciya da hawan jini. Daga nan launuka su ƙara kaifi, lokaci ya rikice, mutum ya riƙa ganin abin da babu. Yakan kai sa'a 10 zuwa 12, kuma in ya fara babu mai tsayar da shi. Wani ya ji natsuwa. Wani tsoro ya rufe shi har ya ga mutuwa ce ta zo. Ba wanda zai iya ce maka ga wanda za ka samu. Mai ciwon zuciya yana cikin haɗari. Wanda ke da taɓin hankali a dangi, ko da bai taɓa bayyana a kansa ba, yana iya buɗe ƙofar da rufe ta zai yi wuya. Ba a san shi da kama mutum irin kamun tramadol ko kodin ba, wannan gaskiya ne, kuma ba zan ƙara masa laifin da ba nasa ba.

Wataƙila za su nuna maka wani bincike. A 2005 wani likita a Amurka, John Halpern, da abokan aikinsa sun gwada 'yan Navajo da suka daɗe suna cin peyote a wajen ibada. Ba su ga ya rage musu kaifin tunani ko lafiyar ƙwaƙwalwa ba, alhali sun ga raunin a wajen waɗanda suka daɗe suna shan giya. Binciken gaskiya ne. Amma ka duba su wa aka gwada. Mutane ne da ke zaune a gaban dattawansu, cikin tsarin da suka gada, ba sa haɗa shi da wani abu, kuma akwai mai lura da su har gari ya waye. Masu binciken da kansu sun yi gargaɗi kada a ɗora sakamakon a kan masu sha don nishaɗi. Kayan aro ba ya rufe katara, ɗana. Wanda ya ɗauko tsiron ya bar tafiyar da azumin da igiyar da dangin, ɗaci da amai ya ɗauko, sai kuma abin da ƙwaƙwalwarsa ta ga dama ta yi masa.

Mu kuma namu a bayyane yake. Addininmu ya hana abin da ke gusar da hankali, ko daga kwalba ya fito ko daga ƙasa ya tsiro. Hankali amana ne, da shi kake sanin raka'a nawa ka yi, da shi kake gane mahaifiyarka. Cewa abu tsiro ne Allah Ya halitta ba ta wanke shi. Zaƙami ma tsiro ne, kuma ka san yaran da ya kwantar a unguwanni, wasu ba su dawo daidai ba. Ban da haka, meskalin yana cikin abubuwan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi mai tsanani. Sassaucin da wasu ƙasashe suka nema saboda 'yan asalinsu bai shafe ni da kai ba.

Amma ina roƙon ka, kada wannan ya sa ka raina mutanen. Kada ka zauna a majalisa kana cewa ai 'yan maye ne kawai. Ka ji irin wahalar da suke sha, ka ji abin da suke roƙo: ruwa, abinci, lafiyar yara. Ba mu yarda da aƙidarsu ba, muna musu fatan shiriya kamar yadda muke yi wa kanmu. Hakan bai hana mu faɗin gaskiya a kansu ba. Mutane ne masu riƙe alkawarin kakanninsu, waɗanda aka zalunta ba sau ɗaya ba. Kana iya karanta labarinsu, ka kalli zanensu, ka ji haushin abin da ake yi wa ƙasarsu, duk ba tare da ka miƙa hannu ga abin da su da kansu suke roƙon baƙi su bari ba.

Saura abu ɗaya. Idan wata rana wani ya kawo maka gari a ƙulli ko busasshen abu a leda, ya ce ai wannan shi ne peyote, daga waje aka aiko, ka sani ba ka da hanyar gane abin da ke ciki. Shi ma mai yiwuwa bai sani ba. Yana iya zama zaƙami aka daka, yana iya zama ƙwayoyi aka niƙa. Ka ce masa ka gode, ka tashi. Ba sai ka yi masa wa'azi a gaban mutane ba, in kuna da kusanci ka same shi daga baya ku biyu. In kuma ka tarar wani abokinka ya riga ya sha wani abu yana sambatu, kada ku kulle shi a ɗaki shi kaɗai, kada ku dake shi, kada ku ɗura masa komai a baki. Ku kwantar da shi ta gefe saboda amai, ku kai shi asibiti, ku gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha, in da ragowa ku tafi da ita. Sannan ka kira ni, ko tsakar dare ne. Zan zo, kuma ni zan yi wa iyayensa magana.